Aikataun Bature Akwai Tsirfa

Na san wasunku tun daga ganin take suka taɓe baki. Ana fama da tsadar masara da kuɗin makarantar yara, wani ya zo zai cika mana kunne da nahawun Turanci? To, ku yi haƙuri ku gyara zama, don da ku nake. Musamman kai da ka rubuta *I want to discuss about my salary* ka miƙa wa maigidanka a ofis, har yau kana jiran amsa. Ban ce wannan *about* ɗin ne ya hana a ƙara maka albashi ba. Amma dai bai taimake ka ba.

Ga maganar. A Turanci kowane aikatau yana da abin da ya yarda ya biyo bayansa, da kuma siffar da yake so abin ya zo da ita. Wannan abin shi ne ciko, wanda in babu shi maganar ba za ta tsaya da ƙafarta ba. Ka ce wa Bature *he slept*, zai gyaɗa kai: mutum ya yi barci, shi ke nan. Ka ce masa *he put the money* ka kama bakinka, zai zuba maka ido yana jira, a ina aka sa kuɗin? Sai ka ƙara *in the box* hankalinsa zai kwanta. Kada ka ce wannan baƙon abu ne. In na ce maka "Audu ya zama" na yi shiru, ai za ka ce ya zama me, ɗan sanda ko ɗan daba? Wanda ya ce *he slept in the mosque* ƙari ya yi don ganin dama, a cire masallacin barcin yana nan. Wanda ya ce *he put the money in the box* dole ce ta sa shi. Bambancin ciko da ƙari ke nan.

Wani Bafaranshe, Lucien Tesnière, wanda littafinsa ya fito a 1959 bayan rasuwarsa, ya aro tunani daga ilimin sinadarai ya ce kowane aikatau yana da adadin hannuwan da yake kama abokan tafiya da su. *Sleep* hannu ɗaya, mai barcin kawai. *Beat* hannu biyu, mai duka da mai shan duka. *Give* hannu uku, mai bayarwa da mai karɓa da abin da aka bayar. *Rain* ba shi da ko ɗaya, shi ya sa ake jingina masa wani *it* wanda ba kowa ba ne, kamar yadda mu ma muke cewa "ana ruwa" ba tare da mun faɗi masu yin ba.

Na hango ka can baya, malam mai gilashi, kana cewa ai wannan mai sauƙi ne, ma'ana ce za ta nuna maka abin da zai biyo. Madalla. To zo ka bayyana mini. *Want* da *enjoy* duk maganar so ce, amma ɗaya sai *I want to eat*, ɗaya kuma sai *I enjoy eating*, in ka musanya musu duk biyun sun lalace. *Let* da *allow* ma'anarsu kusan ɗaya, amma *let him go* ba *to*, *allow him to go* da *to*. *Make* da *force* duk tilastawa ce: *he made me wait*, *he forced me to wait*. Kana murna ka haddace cewa *make* ba ya son *to*, sai a juya jimlar a ce *I was made to wait*, ga *to* ɗin ya dawo ta ƙofar baya. *Advise me to go* daidai ne, *suggest me to go* kuwa jan biro ne. *Tell me* ya zauna, *say me* bai zauna ba. Yanzu ina ma'anar ta kai ka?

Abin ya fi kama da teburin mai shayi na unguwa. Wannan ba ya shan suga, wancan sai an cika madara, ɗaya kuma in ba a sheƙa masa sau uku ba zai ce bai haɗu ba. Mai shayin ba ya tambayar dalili, kuma ba ya gane ɗanɗanon mutum daga tsawonsa ko hularsa. Sanin kowa ya yi, ɗaya bayan ɗaya, har ya zama da ya hango mutum hannunsa ya san gwangwanin da zai ɗauka.

Wani lokaci akwai dalili, sai dai yana binne a tarihi. Ka lura: *give me the book*, *tell me the story*, *show me the way* duk sun yarda a sa mutum kai tsaye a bayan aikatau. Amma *donate me the book* da *explain me the story* da *describe me the way* ba su shiga, dole sai *explain the story to me*. Rukunin farko tsofaffin kalmomin gida ne, na asalin harshen. Na biyu baƙi ne, daga Latin da Faransanci suka shigo, hanyar da ta buɗe sosai bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Baƙin, galibinsu, ba su koyi wannan ɗabi'ar ta 'yan gida ba har yau. Na ce galibinsu, domin *offer* da *promise* ma jinin Latin ne, amma sun saje, ana cewa *promise me a car* lafiya lau. To kai da ka ce wa malami *please explain me*, ka sani ba bayani ka nema ba, ka roƙe shi ne ya yi wa aji sharhi a kanka, halinka da dangoginka.

A nan ne Hajiya za ta tafa hannu ta ce ai dama ta faɗa, Turanci yaren rikici ne, ba kai ba gindi, ina ma a ce kamar Hausa ne da komai yake a miƙe. Hajiya, Allah ya ja kwana, laifi tudu ne. Ɗauki "saya" kaɗai. Kin ce "na sayi zane", "na saye shi", "abin da na saya", "na saya wa 'yata". Aikatau ɗaya ya canza wutsiya sau uku saboda abin da ya biyo bayansa: suna ne, wakilin suna ne, ko ba komai. In ɗan koyo ya zo rumfarki ya ce "na saya zane" ko "na sayi shi", dariya za ki yi har ki riƙe ciki, ki kira maƙwabciya ta zo ta ji. Ko ya tambaye ki dalili ba ki da amsa, sai dai ki ce haka ake faɗa. Sai da wani masanin Hausa, F. W. Parsons, ya zauna a 1960 ya kasa aikataun Hausa giredi bakwai kafin 'yan koyo su sami igiyar kamawa, ɗaliban sashen Hausa kuma har gobe suna gumi a kansu. Turanci bai kai nan ba ma, shi aikataunsa ba ya canza wutsiya don ya ga wakilin suna.

Ƙara dubawa. Kina cewa "ina so in ci", kina kuma cewa "ina son ci", duk biyun daidai. Amma "na gama ci" kawai ake cewa, ba wanda zai ce "na gama in ci". "Na daina zuwa", ba "na daina in zo" ba. Wannan shi ne ainihin abin da kike ƙorafi a kai: *I like to eat* da *I like eating* duk sun halatta, amma *I finished eating* kaɗai, babu *finished to eat*. Ashe tsirfar da kike zagi a gidan Bature tana kwance a tsakar ɗakinki. Ku kuma Zage-zagi da nake jin kuna ƙyalƙyala dariya, ku bari sai ranar da kuka raba "ya zo" da "ta zo" tukuna mu saurare ku.

Yawancin tuntuɓen da muke yi ma daga nan yake. Bahaushe ya ɗauko aikataun Turanci ya ɗaura masa cikon Hausa. Muna cewa "jira ni", sai ya fito *wait me*, alhali *wait* ba ya tafiya sai da *for*. Muna cewa "saurare ni", sai *listen me*, an bar *to* a hanya. Muna "tattaunawa a kan" abu, sai a liƙa wa *discuss* wani *about* da bai nema ba. Mafi daɗi shi ne aro. Mu da aikatau ɗaya muke yin komai, ciko ne ke nuna wanda ya bayar da wanda ya karɓa: "na ari keke", "ara mini keke". Bature kuwa biyu gare shi, *borrow* na mai karɓa, *lend* na mai bayarwa. Shi ya sa *borrow me your pen* ya cika azuzuwanmu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka biyo ta Faransanci, nauyinsu biyu ne, domin aikataun jira da na sauraro a Faransanci ma kai tsaye suke kama karɓau, kamar na Hausa. Harsuna biyu sun haɗa baki sun ce ba a buƙatar *for*, Turanci shi kaɗai ya kafe.

Sai babbar hujjar, wadda kusan kowa ke ɓoye da ita a aljihu: "To ba an gane ba?" An gane, ranka ya daɗe. In ka ce *discuss about* ko *wait me*, babu wanda zai ɓace hanya. Na ba ka wannan kyauta. Amma kada ka ɗauka ko'ina haka ne. Ɗan sanda ya rubuta a rahoto *we searched the boy*, ma'ana sun caje yaron, sun lalube aljihunsa. In *we searched for the boy* ya rubuta, yaron ya ɓata ne ana nemansa. Uwar yaron ba za ta ce duk ɗaya ba ne. *He shot the thief*, harsashi ya samu. *He shot at the thief*, an yi harbi, mai yiwuwa ɓarawon yana gida yana cin tuwo. Lauya zai iya kwana a kan wannan *at* ɗin. *I paid the driver*, ka ba direba kuɗinsa. *I paid for the driver*, kai ka biya masa, wataƙila abincin da ya ci. Likita kuma in ya *attend* taro ya halarta ne, in ya *attend to* majiyyaci ya duba shi.

Har inda ba a ƙara ko harafi ɗaya ba, irin cikon yana juya magana. *She made him tea*, ta haɗa masa shayi. *She made him chairman*, ta naɗa shi shugaba. Ginin a ido iri ɗaya ne, amma a ta farko mutum da shayi abu biyu ne, a ta biyu mutumin shi ne shugaban. Haka *I promised him to go* da *I persuaded him to go*: a ta farko ni zan tafi, a ta biyu shi zai tafi. Babu wata alama a jikin jimlar da ta nuna haka, aikatau ne kaɗai ya san sirrin.

Akwai kuma 'yan ƙalilan da suke karɓar siffa biyu, kowace da ma'anarta. *I remembered to lock the shop*, na tuna, sai na kulle. *I remember locking the shop*, ina tune da lokacin da na kulle, wannan ita ce maganar yaron shago da safe bayan an yi sata. *We regret to inform you* ita ce gaisuwar wasiƙar da ba ka samu aiki ba. *We regret informing you* kuwa nadama suke da suka gaya maka. *He stopped smoking*, ya daina shan taba, iyali suna murna. *He stopped to smoke*, ya tsaya a hanya don ya busa kara ɗaya. Na san wani malamin nahawu ya riga ya ɗaga yatsa zai ce wannan *to smoke* ɗin ba ciko ba ne, bayanin dalili ne. Gaskiyarka, malam, sauke yatsan. Amma mai jarrabawa a layi ɗaya yake jera su, ɗalibi kuma a rami ɗaya yake faɗawa.

Ga 'yar igiya ga mai son kamawa. Sau da yawa *to* gaba yake kallo, abin da bai faru ba tukuna: *want*, *hope*, *plan*, *decide*, *refuse*. Siffar *-ing* kuma ta fi zama da abin da ake ciki ko aka riga aka yi: *enjoy*, *finish*, *admit*, *deny*. Da wannan za ka fahimci *remember* da *forget* da *regret* ba tare da hadda ba. Sai dai igiyar ba ta kai ƙasan rijiya ba. *Consider going* da *suggest going* ba a tafi ba tukuna, ga su da *-ing*. *Managed to escape* an riga an tsere, ga shi da *to*. Ka riƙe ta, amma kada ka saki jiki.

Wanda ya fi kayar da manya, har masu digiri biyu, shi ne ƙarshen wasiƙa: *I look forward to hear from you*. Wannan *to* ɗin ba irin na *want to* ba ne, ɗan'uwan *for* da *on* ne, kuma duk aikataun da ya biyo bayan irinsu sai ya sa *-ing*. Gwajin ba wuya. Sa suna a wurin ka ji. *I look forward to Sallah* ya zauna daram, don haka *to hearing* ne. *I want to Sallah* bai zauna ba, don haka *want to hear* ne. Haka za ka gwada *object to* da *be used to*. Wannan kaɗai in ka tafi da shi, kuɗin jaridarka bai faɗi ba.

Yanzu bari in saurari 'yan kishin ƙasa, don su hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa Turancin Najeriya ma Turanci ne, wa ya naɗa Landan alƙali? A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga bakin 'yan Najeriya, har da Kannywood da okada da danfo. David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, tun 1991 ya fitar da littafi sukutum a kan yadda muke sarrafa harshen. Jaridunmu kullum suna rubuta *to enable him do it* ba *to* na biyu, da *he made me to understand* da *to* ɗin da Ingila ta yar, da *reply my letter*. Zan ma ƙara muku harsashi. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 cike take da *make* mai ɗauke da *to*, wato abin da ake ja wa ɗalibi jan biro a kai yau, shi ne Turancin fada a wancan zamani. Siffar *-ing* ɗin ma daga baya ta yi ƙarfi, ta riƙa cin iyakar *to* sannu a hankali cikin 'yan ƙarnukan nan. Su kansu masu harshen ba su daidaita ba: Ba'amurke yana cewa *protest the decision*, ɗan Ingila ya fi sabawa da *protest against*. Ba'amurke *write me*, ɗan Ingila *write to me*.

Duk na yarda. Ciko ba wahayi ba ne, al'ada ce, kuma tana canzawa. Wata rana *enable him do* zai iya samun kujera a littafin nahawu, ni kuma ba zan yi zaman makoki ba. Amma ku lura da abin da Oxford ta karɓa: kalmomi ne. Ba ta aiko wa WAEC da NECO takarda ta ce a daina jan biro a kan *discuss about* ba. Yaron da zai zauna jarrabawar JAMB yana da tambaya 60 ta Turanci cikin 180, kuma a cikinsu akwai masu ɗan gurbin nan da ake cewa cike da *to go* ko *going* ko *go*. Kwamfutar da ke maki ba ta san kishin ƙasa ba. In babu kiredit a Turanci kuma, ƙofar jami'a a rufe take ko da yaron ya haddace lissafi kamar ruwa. Kai da ka riga ka samu kujerarka kana iya yin tawaye. Kada dai ka yi tawayen da sakamakon ɗan wani.

Masu cewa waya za ta gyara musu, ku ma na ji ku. Za ta ja layi a ƙarƙashin *enjoy to eat*. Ba za ta ja a ƙarƙashin *searched the boy* ba, domin jimlar lafiyarta ƙalau, kawai dai ba abin da kake nufi ba ne. Kuma ranar ganawar neman aiki ba a shiga da ita a baki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin yana hannunmu tun tuni, ba ma buɗewa. Wani malamin Ingila, A. S. Hornby, ya koyar da Turanci a Japan, ya ga ɗalibansa sun san ma'anar kalma amma ba su san abin da za su sa a bayanta ba. Shi da abokan aikinsa suka yi ƙamus da aka buga a Tokyo a 1942, Oxford ta sake bugawa a 1948, shi ne kakan *Oxford Advanced Learner's Dictionary* da ke kan teburin kusan kowane malamin sakandare. Hornby ya kasa ginin aikatau gida 25, ya sa wa kowane aikatau lambar gidajen da yake shiga. Bugun yanzu ya sauƙaƙa, yana rubuta maka ginin ƙarara da baƙin rubutu kafin misali. Mu kuwa sai mu buɗe, mu karanta ma'ana, mu rufe, mu bar rabin kayan da muka biya. Mai son zurfi ya nemi babban nahawun Quirk da abokansa uku na 1985, shafi sama da 1,700, da babi guda a kan wannan batu kaɗai, ko na Huddleston da Pullum na 2002. Amma ban ba ka shawarar ka fara da su ba, sai in kana fama da rashin barci.

Malaman makaranta, roƙona gare ku ɗaya ne. Ku daina ba yara jerin aikatau tsirara, *avoid* kauce, *insist* nace, *prevent* hana. Ku ba su kowanne da kayansa a jiki: *avoid doing*, *insist on doing*, *prevent him from doing*, *accuse him of*, *congratulate her on*. Yaron da ya haddace haka ba ya buƙatar sanin sunan Tesnière. Kai ma babba, in ka tsinci sabon aikatau a jarida, kada ka ɗauke shi shi kaɗai, haɗa da kalma biyu ko uku da ke bayansa.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, fili a buɗe yake, ya rubuto mu fafata. In ta Landan ka biyo, *write to me*. In ta Amurka ce, *write me*. In kuma ka san za ka fara da *I am writing to suggest you to stop*, don Allah rubuto da Hausa.